Mutumin Niyandatal da Leburorin da Suka Tono Shi: Darasi ga Masu Haƙa a Sharaɗa, Chalawa da Bompai

A cikin watan Oktoba na shekarar 2022 aka ba wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Farfesa Svante Paabo, kyautar Nobel ta fannin likitanci, saboda ya yi nasarar karanta ƙwayoyin gadon wani jinsin mutane da ya ƙare a duniya kimanin shekara 40,000 da suka wuce. Jinsin nan shi ne masana ke kira Niyandatal. Ma'aikacin da ke zaune a Sakatariyar Audu Baƙo, ko ɗalibin da ke karatu a Jami'ar Bayero, zai iya ɗaukar wannan labari a kan al'amarin Turawa ne da kakanninsu, wanda bai shafi kowa a nan ba. To, amma in an bi diddigin maganar za a tarar da abubuwa biyu. Na farko, duk wannan ilmi daga bakin shebur ɗin lebura ya faro. Na biyu kuwa, jinin 'yan Nijeriya yana cikin ma'aunin da aka yi awon da shi, kuma awon ya buɗe wata tambaya game da Afirka ta Yamma wadda amsarta ke binne a ƙarƙashin ƙasa.

Maganar ta zo daidai lokaci, domin a cikin 'yan shekarun nan an yi haƙa mai yawan gaske a Jihar Kano da maƙwabtanta. A watan Yuni na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa ita ce farfaɗo da masana'antu irin na Sharaɗa, Chalawa da Bompai. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi. Ga kuma tonon harsashin gini, da magudanun ruwa, da ɗibar yashi da ake yi kullum. Tambayar da ya kamata mahukunta su yi wa kansu ita ce: wa ke duba abin da ke fitowa daga cikin waɗannan ramuka?

Yadda Aka Tono Shi

A watan Agusta na 1856, waɗansu leburori suna fasa dutsen farar ƙasa a wani kwari da ake kira Niyanda, kusa da birnin Dusaldof na ƙasar Jamus. Lokaci ne da masana'antun Jamus ke bunƙasa, ana neman dutsen ido rufe. Suna cikin share laka daga wani ƙaramin kogo sai suka ci karo da ƙasusuwa, suka watsar da su tare da lakar, da tsammanin na wata dabbar dawa ce. Daga baya aka tsinto guda 16, ciki har da saman ƙoƙon kai, aka miƙa wa wani malamin makaranta na yankin mai suna Johann Carl Fuhlrott. Shi ne ya fara gane cewa ƙasusuwan na mutum ne, amma mutumin da ya saɓa da na yanzu. Ya kai su ga Hermann Schaaffhausen, masanin ƙirar jiki a Jami'ar Bon, suka bayyana wa duniya a 1857.

Ba a karɓi maganarsu da sauƙi ba. Babban likitan Jamus na wancan zamani, Rudolf Virchow, ya dage a kan cewa ƙasusuwan na wani mutum ne na yau da kullum da cuta ta lanƙwasa. Sai a 1864 wani masani a Ailan, William King, ya raɗa wa jinsin sunan kwarin da aka same shi.

Abin lura a nan shi ne asarar da aka yi. Masu dutse sun ci gaba da aikinsu har suka cinye kogon ƙurmus, babu wanda ya auna zurfin da ƙasusuwan suke, babu wanda ya rubuta abin da ke tare da su. Sai a shekarun 1997 da 2000, watau bayan fiye da shekara 140, waɗansu masana biyu, Ralf Schmitz da Jurgen Thissen, suka gano inda leburorin suka zubar da lakar. Da suka tankaɗe ta suka sami makaman dutse da gutsattsarin ƙasusuwa, waɗansu sun dace daidai da na 1856, waɗansu kuma na waɗansu mutane ne dabam. An ceto gutsattsarin, amma tsarin yadda suke kwance a kogon ya tafi har abada, kuma wannan tsari shi ne rabin shaidar.

Wane Irin Mutum Ne?

Daga wancan lokaci zuwa yau an tono ragowar ɗaruruwan mutanen Niyandatal, daga Sifen da Faransa zuwa Iraƙi da duwatsun Altai na Saiberiya. Masana sun ƙiyasta cewa sun rayu daga wajen shekara 400,000 zuwa 40,000 da suka wuce. Gajeru ne kakkaura, namijinsu bai cika wuce santimita 165 ba, masu faɗin ƙirji da babban hanci, ƙashin girarsu ya turo gaba, ba su da haɓa irin ta mutanen yanzu. Ƙira ce da ta dace da ƙasar sanyi, domin jiki mai kauri ya fi riƙe ɗumi. Girman ƙwaƙwalwarsu kuwa bai kasa na mutumin yau ba, wani lokaci ma ya ɗara.

An daɗe ana zana su a rankwafe kamar dabbobi. Asalin wannan kuskure shi ne bayanin da wani Bafaranshe, Marcellin Boule, ya yi a kan wani ƙwarangwal da aka tono a Faransa a 1908. Daga baya aka gane cewa ƙwarangwal ɗin na tsoho ne da ciwon gaɓoɓi ya ci ƙarfinsa. Binciken da ya biyo baya ya nuna wata siffa dabam. A kogon Shanidar na ƙasar Iraƙi, cikin shekarun 1950, Ralph Solecki ya tono ƙwarangwal ɗin wani mutum da ya rasa hannu ɗaya, ya sami mummunan rauni a gefen ido, ga gurguntaka, amma raunukan sun warke kuma ya kai shekarun manyanta. Mutum irin wannan ba zai iya farauta ba. Ashe ke nan akwai waɗanda suka yi jiyyarsa, suka ciyar da shi shekara da shekaru.

Sun iya sarrafa wuta, suna farautar manyan namun daji da mashi, suna cin tsirrai da abin da suka samu a bakin teku. Suna dafa ɓawon wani itace su fitar da baƙin danƙo da suke ƙota makamansu da shi. A 2022 an karanta ƙwayoyin gadon mutum 13 daga kogunan dutse biyu a Saiberiya, aka sami uba da 'yarsa budurwa a cikinsu, kuma alamu suka nuna cewa a ƙananan ƙungiyoyi suke zaune, mutum goma zuwa ashirin.

Akwai wani abu da zai ja hankalin Bakano musamman. A 2013 wata masaniya, Marie Soressi, da abokan aikinta suka bayyana waɗansu kayan aiki da aka tono a wurare biyu a kudu maso yammacin Faransa, waɗanda aka sassaƙa daga haƙarƙarin dabba, ɗayansu ya kai shekara 50,000. Irin gugar da bakinsu ya yi ta nuna cewa da su ake murza fata don ta yi laushi da sheƙi, ta kuma hana ruwa shiga. Ban da su, an sami makaman dutse masu yawa da aka kankare fata da su, aikin da majemi ke yi da kartaji. Sana'ar da ta ɗaukaka sunan Kano har bayan hamada, wadda kuma a kanta aka kafa kamfanonin jima na Chalawa da Sharaɗa da Bompai, tana cikin tsofaffin sana'o'in da ɗan Adam ya sani.

Abin da Ƙwayoyin Gado Suka Nuna

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wani dogon zare mai ɗauke da umarnin yadda jiki zai ginu, wanda ɗa ke gada rabi daga uwa, rabi daga uba. Bayan mutuwa zaren yakan gutsuttsure ya lalace. Gwanintar Farfesa Paabo ita ce gano hanyar tsamo waɗannan gutsattsari daga tsohon ƙashi, a raba su da na ƙwayoyin cuta da na hannun waɗanda suka taɓa ƙashin, sa'an nan a jera su da taimakon kwamfuta. A 1997 ƙungiyarsa ta karanta ɗan yanki na farko, daga ƙashin hannun mutumin nan da leburori suka tono a 1856. A 2010, daga cibiyar Max Planck da ke birnin Laifzig, suka bayyana karatun farko na ɗaukacin zaren, daga ƙasusuwan da aka samu a kogon Bindija na ƙasar Kuroshiya.

Don su gane ma'anar abin da suka karanta, sai suka gwada shi da na mutum biyar masu rai: Bafaranshe, da mutumin Sin, da mutumin Fafuwa Niyu Gini, da mutumin ƙabilar San ta Kudancin Afirka, da kuma Bayarabe ɗan Nijeriya. Sakamakon ya nuna cewa ukun da ba 'yan Afirka ba sun fi kusa da Niyandatal. Fassarar da masana suka yi ita ce, lokacin da waɗansu mutane irin na yanzu suka fita daga Afirka suka shiga Asiya da Turai, sun tarar da Niyandatal a can, suka haɗa jini da su, kimanin shekara 50,000 zuwa 45,000 da suka wuce. Yau duk wanda asalinsa ke wajen Afirka yana ɗauke da wajen kashi 2 cikin 100 na gadon Niyandatal. A shekarar 2010 ɗin kuma, daga wani ɗan ƙashin yatsa da aka samu a kogon Denisoba na Saiberiya, aka gano wani jinsi na dabam da ba a san da shi ba.

Wannan gado yana da tasiri a lafiyar masu rai. A 2020 Paabo da Hugo Zeberg suka nuna cewa wani yanki da aka gada daga Niyandatal yana ƙara haɗarin tsananin cutar korona. Kusan rabin mutanen Kudancin Asiya na ɗauke da shi, da kimanin kashi 16 cikin 100 na Turawa, alhali a Afirka kusan babu shi.

Shekara goma ana ɗaukar mutanen Afirka ta Kudu da Sahara a matsayin waɗanda ba su da ko ɗigon wannan gado, kuma da jinin Yarabawa ake auna na sauran duniya. A watan Janairu na 2020 Farfesa Joshua Akey na Jami'ar Firinston a Amurka da abokansa suka sake lissafi a kan mutum 2,504 daga sassa dabam-dabam na duniya. Sai suka tarar 'yan Afirka ma suna ɗauke da shi, kimanin uku cikin dubu. Dalili shi ne, waɗansu daga cikin waɗanda suka fita sun komo Afirka a zamunna daban-daban, suka kawo abin da suka gada. Daga Nijeriya, Yarabawan Ibadan da ƙabilar Esan ta Jihar Edo kaɗai ke cikin waɗanda aka auna. Babu Bahaushe, babu Bafillace, babu Babarbare, duk da cewa su ne ke bakin hanyoyin da suka ratsa Sahara.

Lalle ne a yi kashedi a nan. Yawan wannan kaso ko ƙarancinsa ba ya ɗaukaka wata ƙabila ko ƙasƙantar da ita. Abin da binciken ya tabbatar shi ne cewa mutanen duniya dangin juna ne, kuma ba a taɓa samun lokacin da suka daina tafiya da cuɗanya ba.

Giɓin Afirka ta Yamma

Jim kaɗan bayan sakamakon Firinston, a watan Fabrairu na 2020, masana biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, Arun Durvasula da Sriram Sankararaman, suka fito da wani lissafin da ya fi shafar ƙasar nan. Sun duba ƙwayoyin gadon Yarabawa, da Esan, da Mende na Saliyo, da mutanen Gambiya, suka ce tsakanin kashi 2 zuwa 19 cikin 100 na gadonsu ya fito ne daga wani tsohon jinsin mutane da ba Niyandatal ba ne, ba kuma na Denisoba ba. Har yanzu masana na gardama a kan wannan fassara, waɗansu na ganin cewa tsohuwar rarrabuwa da sake haɗuwa tsakanin al'ummomin Afirka za ta iya haifar da alama irin wannan. Abin da ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa shi ne rashin ƙashi. A Turai an fara samun ƙashi, sa'an nan aka karanta gadonsa. A Afirka ta Yamma kuwa lissafi ya nuna sawu, amma ba a ga mai sawun ba.

Tsohon ƙoƙon kai da aka fi sani a wannan yanki shi ne na Iwo Eleru, kusa da Akure a Jihar Ondo, wanda Farfesa Thurstan Shaw na Jami'ar Ibadan ya tono a 1965. Da aka sake auna shi a 2011, aka ƙiyasta shekarunsa wajen 13,000, amma ƙirarsa ta yi kama da ta mutanen da suka girme shi nesa ba kusa ba. Ƙoƙon kai ɗaya ba ya yanke hukunci. Ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka tana da shaida guda tak a kan wannan babi na tarihinta.

Akwai dalilai na halitta. Jar ƙasa tana cin ƙashi, zafi da laima kuma suna lalata ƙwayoyin gado da sauri. Duk da haka abin bai gagara ba, domin a 2020 an karanta gadon yara huɗu da aka binne a kogon Shum Laka na ƙasar Kamaru, biyu daga cikinsu shekara 8,000 da suka wuce. Babban dalili dai shi ne ƙarancin masu nema.

Hannun Lebura

Idan aka duba tarihin manyan abubuwan da aka samu a Afirka, za a ga labarin kwarin Niyanda yana ta maimaita kansa. A 1921 masu haƙar dalma da tutiya a Kabwe ta ƙasar Zambiya suka tono wani ƙoƙon kai da awon 2020 ya ce ya kusa shekara 300,000. Kogon da aka same shi haƙar ma'adinai ta cinye shi, ƙoƙon kuwa an kai shi Landan, Zambiya ta yi shekaru tana neman a mayar mata. A 1924 daga mahaƙar farar ƙasa ta Taung a Afirka ta Kudu aka fito da ƙoƙon kan yaron da Raymond Dart ya yi bayaninsa. A farkon shekarun 1960 masu haƙar ma'adinai a Jabal Irhud ta ƙasar Maroko suka tono ƙoƙon kai da aka fara ɗauka na Niyandatal ne, sai a 2017 aka nuna cewa na magabatan mutanen yanzu ne, kuma ya kai shekara 300,000.

A nan gida ma haka abin yake. Gumakan yumɓu na Nok daga ramukan kuza suka fara fitowa a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan gunki da aka ɗauko daga mahaƙar kuza, wanda har an kafa shi a gonar doya a matsayin mutum-mutumi, daga nan ne aka gane darajarsu, aka kuma buɗe gidan ajiye kayan tarihi na Jos a 1952. Waɗannan ramukan kuza na Jos, da na ƙasar da ke arewa da shi wajen iyakar kudancin Jihar Kano, sun fitar da makaman dutse na zamunna masu nisa, waɗansunsu an sassaƙa su da dabara mai kama da wadda Niyandatal ya yi amfani da ita a Turai. Su wa suka sassaƙa su? Ba a sami ƙashinsu ba. A 1987 kuma wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako a zurfin mita biyar. Bai faskara shi ya kai murhu ba, ya kai rahoto. Masanan Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot suka fito da shi a 1994, ya tabbata kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita takwas, ɗan kimanin shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka.

Cikin waɗannan duka babu wanda masani ne ya fara gani. Ma'aikaci ne ya gani, kuma abin da ya raba samu da asara shi ne ko ya tsaya ya kai labari, da kuma ko akwai wanda zai saurare shi.

Sharaɗa, Chalawa da Bompai

Babu mai hankalin da zai sa ran tono Niyandatal a Kano, domin ba a taɓa samun ƙashinsa a Afirka ba. Abin da ƙasar Kano za ta iya ɓoyewa shi ne nata tarihin, na kusa da na nesa. An san cewa tun ƙarni na bakwai ake narka tama a Dutsen Dala, kamar yadda awon da aka yi wa ragowar wata tsohuwar maƙera ya nuna. Abin da ya gabaci wannan kuwa kusan duhu ne. Mutanen da can bakin ruwa suke bi, kuma lakar kogi da yashinsa suna daga cikin wuraren da suka fi adana ƙashi da katako da makaman dutse, kamar yadda Dufuna ta nuna. Unguwar masana'antu ta Chalawa, a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, tana daf da kogin da ta ci sunansa, inda tifofi ke ɗibar yashi dare da rana. Bompai, wadda ta girmi sauran, da Sharaɗa mai kashi uku, an gina su ne a kan gonaki da filayen da ba a binciki ƙarƙashinsu ba kafin a zuba kankare.

Banbancin zamanin nan da na 1856 shi ne sauri. Leburan Jamus da shebur yake aiki, yana ganin abin da ya ɗebo. Direban katafila yana kwashe abin da mutum ɗari za su yini suna haƙa cikin sa'a guda, ya juye a tifa, tifa ta kai inda za a cike kududdufi. In ma an ga wani abu, ma'aikaci yana da dalilan yin shiru. Yana tsoron a tsayar da aiki ya rasa kuɗin yininsa. Yana tsoron 'yan sanda su riƙe shi in ƙashin mutum ne. Ɗan kwangila kuma yana da wa'adin da zai cika. In abin gunki ne ko tukunya mai kyau, akwai dillalan da za su saya a ɓoye, kamar yadda aka wawashe wuraren Nok a shekarun 1990. Rashin sani, in ji Hausawa, kaza ta kwana kan dami.

Akwai kuma batun mutunta mamaci, wanda addini da al'ada suka wajabta. Duk inda aka tono ƙashin mutum, abin da jama'a ke yi shi ne a suturta shi a mayar da shi ƙasa nan take, kuma niyyar mai kyau ce. Wannan bai hana a jira masani ya zo ya auna zurfi, ya duba abin da ke kewaye, ya ɗauki hoto, ya raba tsakanin kabarin Musulmi na kusa, wanda za a mayar ba tare da ɓata lokaci ba, da ragowar wani zamani mai nisa da ke bukatar nazari. Magana ce da malamai da sarakuna da masana za su iya zama su daidaita a kanta tun kafin bukata ta taso.

Mai masana'anta zai ce, kuma da gaskiyarsa, kamfanoni da yawa a waɗannan unguwanni sun rufe saboda rashin wutar lantarki da tsadar kaya, waɗanda suka rage suna fama da kansu, ina su ina neman tsohon ƙashi? Amsa ita ce ba a nemi su biya kuɗin bincike ba, abin da aka nema shi ne kada su rufe ido. Ga misali daga maƙwabta. Lokacin da aka shimfiɗa bututun mai daga Kome ta ƙasar Chadi zuwa Kiribi ta Kamaru, mai tsawon kilomita 1,070, a farkon shekarun 2000, an sa masana suna bin masu haƙa, suka rubuta wuraren tarihi fiye da 400, kuma bututun ya fara aiki a 2003. Binciken bai hana mai gudana ba.

Abin da Ya Kamata a Yi

Doka tana nan. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta wajabta wa duk wanda ya tsinci kayan tarihi a ƙasa ya sanar da hukuma cikin kwana bakwai. Dokar mai lamba 86 ta 1992 kuma ta ce a auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Matsalar ita ce lebura bai taɓa jin labarin ta farko ba, ta biyun kuwa sau da yawa a takarda take ƙarewa. Halin da ganuwar Kano ke ciki, wadda ke tsaye a fili kowa na gani ana cinye ta da gine-gine, ya isa ya nuna abin da zai sami wanda ke binne.

Saboda haka ya kamata hukumomin da ke ba da izinin gini da na ɗibar yashi su sa sharaɗi a rubuce cewa duk abin da aka tono a kai rahotonsa, su kuma tanadi ofishi ɗaya sananne da za a je, ko a Gidan Makama ko a Gidan Ɗan Hausa. Ya kamata a tabbatar wa ma'aikaci cewa ba zai rasa ladan yininsa ba, ba kuma za a tuhume shi ba, har ma a ba shi tukwici a rubuta sunansa tare da abin da ya samo. Leburan Afirka da ke wurin da aka tono ƙoƙon kan Kabwe tarihi bai riƙe sunansa ba, kuma wannan rashin adalci ne da bai kamata a maimaita ba. Ya kamata Sashen Nazarin Kayan Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero su shirya gajeren horo da Hausa ga direbobin katafila da shugabannin leburori, a nuna musu yadda makamin dutse da tsohon kasko da kashin maƙera suke. Ƙungiyar masu masana'antu reshen Kano tana iya ba da wuri da lokaci. Sa'an nan a duk sabuwar kwangilar haƙa mai girma, a ware ɗan kaso don masana su riƙa bin rami kafin a rufe shi.

Ga ɗalibai kuma, fagen a buɗe yake. Ana bukatar masu ilmin ƙwayoyin gado da masu tonon kufai daga cikin 'ya'yan Arewa, waɗanda za su tabbatar da cewa in an ɗebi jinin jama'a don bincike an yi da saninsu da yardarsu, kuma abin da aka tono ya zauna a ƙasar da aka tono shi.

Masana'anta in ta rufe ana iya sake buɗe ta, bututu in ya fashe ana iya liƙe shi. Ramin da katafila ta kwashe kuwa ba ya komawa yadda yake. Jamusawa sun yi shekara 140 kafin su gano inda aka zubar da lakar kogonsu, kuma ko da suka gano, gutsattsari kawai suka tarar. Tun ran gini ran zane: lokacin da ya dace hukumomin Jihar Kano da na Tarayya su yi wannan tanadi shi ne kafin a ba da kwangilar haƙa ta gaba.